Wa ke shan wutar gidan nan?

Laraba, 8 ga Mayu, 2024

Da la'asar Ummi ta shigo da takardar bil, ta ce a maƙale ta tsince ta a jikin get. Hannuna duk kunun aya, na ce ta ɗora a kan firiza. Sai bayan magariba na tuna da ita. Naira 125,775. Na kai takardar ƙarƙashin ƙwan falo na sake karantawa, na duba sunan da ke sama ko ta mutanen bene ce aka yi kuskure. Tamu ce. Watan jiya dubu talatin da biyar da 'yan kai muka biya, a hakan ma sai da na kwana biyu ina mita.

Baban Abba ya dawo daga abbatuwar Oko-Oba, ko takalmi bai cire ba na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Maman Abba, ashe har masu wuta za mu yi wa layya bana. Wannan ai kuɗin rago ne."

Ba wai ba mu ji labarin ƙarin ba. Cikin goman ƙarshe na azumi, ranar 3 ga Afrilu, hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sanar cewa masu Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa ashirin a rana, za su koma biyan naira 225 kan kowane yunit daga wajen naira 68. Aka ce kashi 15 cikin ɗari ne kacal na masu shan wuta abin zai shafa. Da na ji a rediyo na ce a raina wannan ta mutanen Ikoyi da Lekki ce, ina ruwan Agege. Ashe layin da ya ratso titinmu, wanda muke ta bugun ƙirji da shi muna cewa Allah ya yi mana gyaɗar dogo, yana ciki. Abba ya sa lambar asusunmu a waya ya tabbatar.

Lissafin da ke takardar ba shi da aibu: yunit 520, kowanne naira 225, ya tashi 117,000, sai harajin kashi bakwai da rabi, 8,775. Farashin ba ni da yadda zan yi da shi. Abin da zuciyata ta ƙi yarda da shi shi ne 520 ɗin. Ɗaki biyu da falo, babu esi, babu injin wanki. Firiza biyu ne dai na sana'a, da fankoki uku. Me ke cinye yunit goma sha bakwai kullum?

Na ɗauko ragowar littafin makarantar Ummi na ja layi. Daga gobe, safe da dare, zan riƙa rubuta lambar mita da lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ni da Abba muka je ofishin kamfanin wuta da sassafe, da hoton mitarmu a waya. Mun tarar da layi har bakin titi, kowa da takarda a hannu, kowa yana huci. Wani dattijo mai injin niƙa da ke gabana ya ce shi rufe shagon zai yi ya koma ƙauye. Wata mata kuma ba mita gare ta ba sam, bil na ƙiyasi ake kawo mata, ta ce ko wata ta yi a gidan 'yarta kuɗin ba ya canzawa. Da na ji nata sai na ɗan sassauta, don ni ko ba komai ina da lambar da zan nuna.

Ma'aikacin da muka samu ya kwatanta hoton da abin da ke kwamfutarsa. Lamba ta yi daidai. Na shirya faɗa tun daga gida, na rasa inda zan sauke shi. Ya ce tun ranar 6 ga wata an rage farashin zuwa naira 206.80, kamar mai yi mini albishir. Na ce an gode, an cire wa jaki tsinke ɗaya daga kayan itace. Abin da muka samu dai shi ne an yarda mu biya sau uku kada a zo mana da tsani. Na biya dubu hamsin, daga kuɗin adashin da nake tara wa kayan ɗakin Ummi.

Asabar, 11 ga Mayu

Yau Abba ya biya ni kuɗin makarantarsa.

A jikin mitar akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa. Shekara biyar ina wuce ta, a zatona ado ce. Abba ya haska da tocila ya nuna mini rubutun da ke gefenta: ƙiftawa 1,600 ita ce yunit ɗaya. Ke nan idan muka kashe komai, muka kunna abu ɗaya tak, muka ƙirga sau nawa ta ƙifta a minti guda, za mu san cin kowane abu. Ya ɗauko kujera ya zauna gaban mita da agogon waya, ni ina ciki ina kunnawa ina kashewa, Ummi tana tsakani tana kai saƙo da ihu kamar kwandasta a Oshodi.

Fankar sama: biyu a minti. Talabijin: biyu. Ƙwayayen wuta duka na gidan, da yake masu farin hasken nan ne marasa ci, biyu su ma. Dutsen guga: ashirin da takwas, amma yana yi yana hutawa. Hitar da muke tsomawa a bokiti: arba'in. Da na kunna butar lantarki sai na ji Abba ya ƙwala kira, "Umma, zo ki gani!" Fitilar har rawa take yi, hamsin da uku a minti. Na ce to ga ɓarauniyar nan, na zare ta daga soket na ɗora can saman kabad.

Abba ya yi dariya ya ce in dakata. Minti nawa buta take yi kafin ta tafasa? Biyar. Sau nawa a rana? Uku, in ta yi yawa huɗu. Ya buga, ko yunit ɗaya ba ta kai ba a wuni. Sai muka zo kan firizoji. Sabuwar, wadda muka sayo a Alaba bara, huɗu a minti, kuma in ka kasa kunne za ka ji ta yi shiru bayan wani lokaci ta huta. Tsohuwar, wadda na gada daga Yaya lokacin da za ta koma Kano, bakwai a minti. Bakwai kusa da hamsin da uku ba komai ba ne. Sai dai mun zauna kusa da ita awa guda cur, ba ta huta ko sau ɗaya ba. Na tuna kuwa tun da ta shigo gidan nan ban taɓa jin ta yi shiru ba sai in an ɗauke wuta, har na daina jin gurnaninta. Bakwai a minti, awa ashirin da ɗaya a rana: yunit biyar da rabi. A wata 165. A farashin Afrilu, sama da naira dubu talatin da bakwai ita kaɗai.

Ashe ba mai babbar loma ke ƙarar da tuwo ba, wanda ba ya tashi daga gaban akushi ne. Na sauko da butata na ba ta haƙuri.

Da muka tara komai da komai, har da cajin wayoyi, mun samu yunit goma sha uku da rabi a rana. Littafina kuwa, daga safiyar Alhamis zuwa yau, yana nuna goma sha bakwai da 'yan kai. Saura huɗu ba mu san inda suke tafiya ba.

Litinin, 13 ga Mayu

'Yan ƙwadago, NLC da TUC, sun rufe ofisoshin NERC da na kamfanonin rarraba wuta yau saboda ƙarin. Allah ya ba su sa'a, ni dai na riga na biya kashin farko.

Na tuna maganar ministan wuta, Adebayo Adelabu, a watan jiya, da ya ce saboda arahar wuta ne mutane ke barin firiza a kunne kwana da kwanaki. Ranar har sai da na yi wa rediyo tsaki, kuma shi kansa daga baya ya nemi afuwa. Har yanzu ina kan bakana: wanda bai san yaushe za a ɗauke ba, bai san yaushe za a dawo ba, ba zai kashe firiza yana da kayan dubu ashirin a ciki ba. Amma tun shekaranjiya in na wuce ta gaban tsohuwar nan sai in ji ana raɗa mini cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Laraba, 15 ga Mayu

Jiya da dare, da rana ma sau biyu, mun kashe komai mun duba. Fitila ba ta ƙifta ba. Har na fara zargin kaina da kuskuren rubuta lamba.

Yau bayan sallar asuba na fita shanya tsumman tata. Gari shiru, sai ƙarar kurar 'yan garuwa da ke jeruwa a bakin famfon waje, da gurnanin injin burtsatse da Alhaja mai gida ke kunnawa kowace safiya. Idona ya kai kan mitarmu. Tana ƙifta da sauri kamar an kunna dutsen guga, alhali kowa yana kwance. Na koma ciki a guje, na zare firizoji, na kashe fankoki, Baban Abba yana tambayata lafiya. Na tashi Abba da ƙyar. Babu abin da ke kunne a ɗakunanmu, ko ƙwai ɗaya. Ya ƙirga: talatin da biyu a minti.

Muka tsaya a wurin ba mai cewa komai. Wajen bakwai saura tankin sama ya cika ya fara ambaliya kamar yadda ya saba, ruwa yana zuba ta bango har kwata, ya daɗe yana zuba kafin jikar Alhaja ta fito ta kashe injin. A daidai wannan lokacin fitilarmu ta tsaya cak.

Gidanmu fulat huɗu ne da shago biyu, kowa da mitarsa. Ruwan kuwa ba mu kaɗai muke sha ba, Alhaja tana sayar wa 'yan garuwa safe da yamma, shi ya sa injin yake yin awa uku zuwa huɗu a rana. Yunit huɗu ke nan, 120 a wata. Ga waɗanda suka ɓace. Kuma abin da ya fi ci mini rai, kowane wata muna ba ta naira dubu ta kuɗin ruwa kamar sauran 'yan haya.

Asabar, 18 ga Mayu

Kwana uku ba mu jitu da Baban Abba ba. Shi a ganinsa a kira mai gyara a asirce ya cire wayar kawai, in inji ya ƙi tashi su nemi dalili da kansu, ba sai an yi zancen ba. Na ce wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da rigima. Sai ya koma cewa to a bar ta haka, matar nan ba ta taɓa ƙara mana haya ba gaira ba dalili ba, ita ta yi wa autanmu wankan farko, kada dubu ashirin ta raba mu. Na ce, "Alhaji, dubu ashirin da tara ce kowane wata, kuma daga ribar zoɓona take fita, ba daga kuɗin shanu ba." Bai sake magana ba, ya ɗauki hularsa.

Da hantsi ya turo mai gyaran wutar da ke yi musu aiki a abbatuwa, wani Bazazzagi mai sanyin magana. Ya bi waya tun daga akwatin fis ɗinmu, ta bayan kicin, ta cikin wani tsohon bututu da fenti ya rufe har hawa uku, ta ɓulla ɗakin inji. Ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin jiya ba ne, kuma ba aikin ɓoye ba ne. Duk wanda ya ja ta, gidansa ya ja wa." Sai na tuna an taɓa gaya mana cewa a fulat ɗinmu marigayi mijin Alhaja ya zauna, bayan rasuwarsa ta koma na gaba ta sa wannan haya.

Na tambaye shi ko komawa janareta zai fi mana. Ya ce ƙaramin inji da ƙyar lita ɗaya ta ba ni yunit biyu, ga fetur ya haura ɗari shida a yawancin gidajen mai tun da aka cire tallafi bara, ban da baƙin mai da gyara da ƙara. Duk tsadar wutar nan ta fi shi sauƙi. Na rufe wannan babin.

Abba kuma, da ya ga lissafi yana yi masa daɗi, ya zauna ya buga abin da injin ya ci mana tun 2019. Na kalli adadin sau ɗaya, na yage shafin na sa a murhu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bayan la'asar na zuba kunun aya mai sanyi gora biyu, na ɗauki littafina, na shiga wurin Alhaja. Na durƙusa na gaishe ta. Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan, don mahaifinta goro ya yi ta sayar wa mutanenmu a Agege tun tana yarinya. Muka yi hirar ƙafarta da ke ciwo, da tsadar barkono, kafin na buɗe littafi na ce, "Mama, wata matsala ce ta same ni, na ce bari in kawo wa uwata."

Ta saurara har na gama. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Iya Abba, kina nufin wutarku nake sata?"

Gabana ya faɗi. Na ce subhanallahi, da haka nake nufi da ban shigo da ƙafata ba. Na ce ta aiko wanda ta yarda da shi gobe da asuba ya gani da idonsa. Ta ce in tafi, za ta kira ɗanta. Kunun ma ba ta taɓa ba. Na fito jikina a sanyaye, na tarar da Baban Abba a ƙofa, ya kalle ni irin kallon nan na ai na gaya miki.

Talata, 21 ga Mayu

Ɗanta ya zo jiya daga Ikorodu ya kwana, ya tsaya tare da Abba da asuba, ya ƙirga da kansa, ya bi wayar da hannunsa. Yau da safe Alhaja ce da kanta ta dogaro sanda ta shigo falonmu, abin da ba ta yi ba tun ranar suna. Ta ce Baba ne ya ja wayar yana raye, ita ko fis ba ta san yadda ake cirewa ba, kuma ba ta son ta haɗu da Allah da haƙƙin maƙwabci a wuyanta. Ta tambayi nawa ne na baya duka. Baban Abba ya riga ni, ya ce babu na baya, a bar kaza cikin gashinta. Wannan karon ban musa masa ba.

Abin da aka tsayar: za a mayar da inji kan mitarta, wadda ta kati ce. Na Afrilu da na Mayu za a cire daga kuɗin hayar baɗi, ɗanta ya rubuta ya sa hannu. Kuɗin ruwa kuma ta yafe mana har ƙarshen shekara. Da za ta fita ta ce in aiko mata da kunu, na ranar nan jikoki sun shanye.

Asabar, 25 ga Mayu

An mayar da wayar inji. Na kuma kira mai gyaran firiza. Ya ce in kawo takardar naira ɗari, ya sa rabinta a bakin murfi ya rufe, ya ja, ta zare sumul kamar babu abin da ya riƙe ta. Haka ta yi a kusurwa uku. Robar bakin ta bushe ta tsage, sanyi yana fita dare da rana. Da ya buɗe baya kuma ya tarar wani mai gyara tun a hannun Yaya ya tsallake na'urar da ke kashe ta in ta yi sanyi, ya haɗa waya kai tsaye. Ko da ƙanƙara ta cika ta, ba ta da yadda za ta huta. Sabuwar roba da sabuwar na'ura da kuɗin hannu, dubu goma sha takwas.

Ya yi mini faɗa a kan abu uku, kuma duk na cancanta. Na manna ta da bango, iska ba ta ratsa bayanta. Na ajiye ta kusa da inda nake dafa zoɓo. Sannan in ina sauri nakan zuba zoɓon da ɗuminsa a leda in jefa ciki. Yanzu mun janyo ta tsakar falo kusa da taga, ta ɓata mini tsarin kujeru, amma da dare na ji ta yi ɗif ta yi shiru, har na tashi na duba ko lalacewa ta yi.

Laraba, 29 ga Mayu

Tankin nan da ya shekara biyar yana ambaliya kowace safiya ya daina. Kwana biyu da komawar inji kan mitar Alhaja na gan ta tsaye a tsakar gida da asuba, kai a sama, jikarta a bakin makunni tana jiran umarni. Jiya ta sa an ɗaura wa tankin abin da ke kashe inji da kansa in ruwa ya cika. Ban ce komai ba, dariyar ma a ɗaki na yi ta.

Wadda ba ta dariya ba: ta ƙara wa 'yan garuwa naira ɗari a kowace kura. Wani dattijo a cikinsu, mutumin Maraɗi, da ke sayen kununa kullum da rana, ya ce mini, "Uwar ɗaki, ruwa ma ya bi sahun shinkafa." Bai san da hannuna a ciki ba. Na ƙara masa ƙanƙara ɗaya, ban iya haɗa ido da shi ba. Ni ma kuma ranar Litinin zan ƙara hamsin a kowace gora.

Litinin, 3 ga Yuni

Yajin aikin gama-gari kan mafi ƙarancin albashi da kuɗin wuta. An kashe babban layin wutar ƙasa tun cikin dare. Na lulluɓe firizoji da barguna, na hana kowa buɗewa. Tsohuwar da sabuwar robarta ta riƙe ƙanƙara har dare, abin da a da ba ta yi ko na awa shida. Mita ba ta motsa ba yau, amma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Talata, 11 ga Yuni

Bil ɗin Mayu: yunit 430, kuɗi dubu casa'in da shida ba kaɗan. Mako uku na watan duk da inji da tsohuwar roba aka yi su, don haka ban tsorata ba. Littafina yanzu yana nuna goma zuwa goma sha ɗaya a rana.

Game da awanni kuwa, in faɗi gaskiya, yawancin kwanaki muna samun ashirin ɗin ko fiye. Na ƙirga kwana shida a watan da ba ta kai ba, mafi muni awa goma sha uku, ranar da aka yi ruwa da iska. Ƙa'idar NERC ita ce in layi ya kasa cika alƙawari kwana bakwai a jere, a sauke shi daga Band A. Namu bai taɓa wuce kwana biyu a jere ba. Wata maƙwabciya har addu'a take yi a sauke mu. Ni ban san me zan roƙa ba, don ƙanƙara ba ta daskarewa da wutar awa takwas.

Alhamis, 20 ga Yuni

An yi layya ranar Lahadi. Rago ƙarami ne bana, mun dai yi. Naman maƙwabta uku yana cikin firizata. A da kyauta nake ajiye wa kowa, bana na ce dubu ɗaya a mako. Biyu sun biya ba musu, ɗaya ta ɗauke nata ta soye, tun ranar kuma gaisuwarta ta gajarce.

Hitar bokiti na ɓoye ta. Da damina yara suna son ruwan ɗumi, sai in ɗora tukunya a kan ragowar garwashin zoɓo. Guga kuma ranar Lahadi kaɗai, a tara a yi gaba ɗaya. Baban Abba ne ke karya wannan dokar, kowace Juma'a sai ya sake bin babbar rigarsa.

Laraba, 10 ga Yuli

Bil ɗin Yuni: yunit 300, naira 66,693. Na biya tare da kashi na ƙarshe na bashin Afrilu. Daga farkon wannan watan farashi ya ɗan hau zuwa naira 209.50.

Na zauna na raba kuɗin biyu, na gida daban na sana'a daban, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sayar da zoɓo. Firizoji biyu suna cin yunit biyar da rabi a rana yanzu, wato fiye da rabin bil ɗin nawa ne. Da na cire shi daga ciniki sai na ga ƙanƙarar leda kusan aikin banza nake yi, ita ce mai cin wuri da daɗewa kafin ta daskare, ribarta kuma ba ta taka kara ta karya ba. Kunun aya da zoɓo ne ke riƙe da ni. Na rage ƙanƙara zuwa ta masu kular sanyaya kaya su biyu da suka saba da ni tun farko.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bil ɗin Yuli: yunit 285, dubu sittin da huɗu da 'yan kai. Har yanzu ya kusa ninka abin da muke biya kafin azumi, a kan wutar da ba ta fi rabin ta da da kaɗan ba. Na mayar da dubu ashirin cikin hamsin ɗin Ummi.

Baban Abba yana so mu nemi mitar kati irin ta Alhaja, a riƙa ganin abin yana sauka da ido. A watan Satumban bara kuɗinta naira dubu tamanin da biyu ne ba kaɗan, tun Mayu kuma aka sakar wa kamfanoni farashin, ya haura dubu ɗari. Na ce a bari sai bayan kuɗin makaranta. Safe da dare dai ina rubutawa, littafin saura shafi huɗu.

Matar malamin da ke bene ta sauko ɗazu da nata bil ɗin, ta ce gobe Abba ya hau ya ƙirga mata ƙiftawar tasu. Ya ce ɗari biyar ne, kuma sai an kashe komai har da firij.